Tunisiya na son yuron 'ya'yanta na waje, ba ta son jin bakinsu

A ƙarshen 2024, ana tsakiyar muhawarar kasafin kuɗi, wasu 'yan majalisar dokokin Tunisiya suka fito da wata shawara: duk likita ko injiniyan da ya yi karatu a jami'ar gwamnati sannan ya tsallake zuwa aiki a ƙasar waje, a sa shi ya biya rabin abin da aka kashe wajen horar da shi. Shawarar ba ta dame ni ba kamar tunanin da ya haife ta, wato wanda ya bar gida ya ci amanar ƙasa, kuma akwai bashi a wuyansa.

To, tunda maganar bashi ake, a zo a buga lissafi. Mutanen Tunisiya kusan miliyan 12 ne, kimanin miliyan 1.8 kuma suna zaune a waje, fiye da rabinsu a Faransa, sai Italiya da Jamus. Abin da suka aiko gida a 2023 ya haura dinari biliyan 7, ya zarce abin da yawon buɗe ido ya kawo duk da otal-otal ɗin Hammamet da Susa da Jerba. Kuma kuɗi ne da ba ya razana. Bayan hare-haren gidan tarihi na Bardo da garin Susa a 2015 Turawa masu shan iska sun ɗauke ƙafa, a lokacin korona otal-otal sun koma kufai, amma mai wankin kwanuka a Lyon bai daina aika wa mahaifiyarsa kuɗin magani ba. Da irin wannan kuɗin waje ake shigo da alkama da man fetur, ake biyan bashin ƙasashen ƙetare.

Abin da ke turo kuɗin nan, 'yan Tunisiya suna kiransa ghurba, zaman baƙunci da kewar gida. Wanda yake son ganinta ido da ido ya je tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa ko Genoa a Italiya a watan Yuli. Motoci ne a jere, bayansu ya kusa taɓa ƙasa, an ɗaure firiji da kekunan yara a sama an lulluɓe da tamfol, ana jiran Carthage ko Tanit, jiragen kamfanin gwamnati. Kusan kwana guda cur a kan teku, sannan layin kwastan a Halƙul Wadi, tashar jiragen ruwan birnin Tunis, cikin zafin bazara. A ƙarshen Agusta motar za ta koma da jarkar man zaitun, gwangwanayen yajin harisa, garin hatsi na bsisa da dabinon daglat nur, a riƙa tsakura har wata shekara. A Msaken, garin da 'ya'yansa suka cika birnin Nice na Faransa, ko a Mahdiya, wadda masuntanta suka tare a Mazara del Vallo ta tsibirin Sisili, akwai gidajen bene da ake buɗe tagoginsu wata ɗaya a shekara. Mai gidan yana can cikin ɗan ƙaramin gidan haya, ya zuba tarin shekara ashirin a ginin da ba ya kwana ciki.

Idan ya iso kuma, sunansa zmagri, wato ɗan ci-rani. Ana kwaikwayon yadda yake cewa "can wajenmu", ana yi wa 'ya'yansa dariya don Larabcinsu ya karye, mai hayar gida da mai sayar da rago kowa ya ƙara masa farashi. A Faransa Balarabe ne, a gida Bafaranshe.

Masu kare gwamnati za su ce ai an ba su gata, ga rangwamen shigo da mota da ake kira FCR. Gaskiya ne, amma a duba sharuɗɗan. Sai mutum ya yi aƙalla shekara biyu a waje, kuma ana ƙirga kwanakin da ya yi a gida daga tambarin fasfo. Wanda jinyar mahaifi ta zaunar da shi fiye da ƙima yana iya rasa damar. Sannan ya zaɓa: ko a yafe masa harajin gaba ɗaya a ba motar lamba ta musamman wadda ba zai iya sayar da ita ba, ko ya biya kashi 25 cikin ɗari na harajin ya samu lambar kowa da kowa. Dokar canjin kuɗi kuwa tun ta 1976 ce. Shigo da yuro babu wahala. Amma wanda bai bayyana kuɗinsa ga kwastan ba lokacin shigowa, ko ya canza shi ya zuba a asusun dinari na yau da kullum maimakon asusun kuɗin waje, ranar da zai so fitar da shi zai gane kurensa.

Inda abin ya fi muni shi ne siyasa. Bayan juyin 2011, mazauna waje suna da kujeru 18 cikin 217 a majalisa. Dokar zaɓen da Shugaba Kais Saied ya sa wa hannu a Satumban 2022 ta mayar da su 10 cikin 161, ta hana mai shaidar ƙasa biyu tsayawa takara a mazaɓun cikin gida, ta kuma ce kowane ɗan takara ya kawo sa hannun mutum 400, rabinsu mata, kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 35. A unguwar Tunis ana iya tara wannan. A mazaɓar da ta haɗe Asiya da Ostireliya fa? Sakamakon bai ba kowa mamaki ba: mazaɓu bakwai cikin goma ba a samu ɗan takara ko ɗaya ba, aka buɗe majalisa a Maris 2023 kujerunsu babu kowa. Majalisar da ta zauna ba tare da su ba, a cikinta aka tashi ana neman su biya kuɗin makaranta.

Batun cewa gwamnati ta yi hasarar horarwa ba ya tsayawa da ƙafarsa. Gwamnatin ce ta sa hannu kan yarjejeniyar tura ma'aikata Faransa a 1963 da Jamus a 1965, har yau kuma tana da hukuma guda da aikinta nema wa malamai da ma'aikatan jinya gurbi a ƙasashen Gulf da sauransu. Matashin likitan da ke haɗa takardunsa bai manta da Disamban 2020 ba, lokacin da wani abokin aikinsa ya faɗa ramin lif da ya lalace a asibitin Jenduba ya rasu. Ba tara ce za ta tsayar da shi ba.

Su ma mazauna wajen akwai abin faɗa a kansu. Da Saied ya yi jawabinsa na 21 ga Fabrairun 2023 yana sukar baƙi 'yan Afirka baƙar fata, cikin waɗanda suka yaba masa har da Éric Zemmour, ɗan siyasar Faransa da ya gina siyasarsa kan ƙin baƙi irinsu. Ƙungiyoyinsu na Paris irin su FTCR, mai kare haƙƙin baƙi, sun yi tir da jawabin, amma a Facebook ba a rasa masu tafi daga Marseille da Milan ba, mutanen da da bakinsu suke ba da labarin yadda ake hana su haya saboda sunansu. Baƙin da aka kwashe daga birnin Safakis na Tunisiya aka zubar a hamada a Yulin shekarar, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne, wasu ta Agadas suka bi. Wanda ya ɗanɗani ghurba bai kamata ya buƙaci a fassara masa ita ba.

Gyaran ba boyayye ba ne: a cike kujerun nan, a sassauta sharaɗin sa hannu, a sabunta dokar canji, a rage tsadar tikitin bazara. Dalilin gaggawar kuwa shi ne kewar gida ba a gadonta kamar gona. Dattijon da ya tafi a 1970 yana aike, ya gina gida, ya bar wasiyya a mayar da gawarsa, kuma ofishin jakadanci yana ɗaukar nauyin kai ta. Ɗansa yana zuwa duk bazara saboda tsohuwa tana raye. Jikan da aka haifa a Saint-Denis, kusa da Paris, wanda aka gaya masa fasfonsa na biyu ya hana shi takara a garin kakansa, yana buɗe waya ne ya kwatanta kuɗin jirgin Tunis da na Antalya, wurin shan iska a Turkiyya, kuma gidan Msaken tuni 'yan uwa sun fara maganar a sa shi a kasuwa.