Ɗan aiken da ba ya tambayar inda aka tura shi

Makon jiya wani Alhaji mai kamfanin kayan gini a Wuse ya kira ni in duba masa manhajar da dillalansa ke fitar da rasit da ita. Tun kafin in zauna yake yabon fayawol ɗin da ya kashe wa kuɗi, wato maigadin da ke tare masu kutse daga waje. A manhajar akwai wani akwati da dillali ke liƙa adireshin tambarin shagonsa, sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, ta je ta ɗauko ta ɗora a rasit. Da izininsa na goge adireshin tambarin na rubuta 127.0.0.1, adireshin da kowace kwamfuta ke kiran kanta da shi. Sai ga shafin masu kula da sabar ya fito ɓaro-ɓaro a jikin rasit.

Na ce, "Ranka ya daɗe, maigadinka bai bar ni na shiga ba. Yaron gidanka na aika, shi kuwa ba a tare shi a ƙofa."

Wannan aibin shi ake kira SSRF. Ɗan kutse ba ya haura katanga, sabar taka yake sa wa ta yi masa aike a cikin gida. Da irinsa aka shiga bankin Capital One na Amurka a 2019: aka sa sabarsu ta tambayi adireshin 169.254.169.254, inda Amazon, mai ba su hayar sabar, ke ajiye makullan wucin gadi, aka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada. Tarar dala miliyan 80 ta biyo baya. A Maris 2021 ta irin wannan ƙofar aka fasa Microsoft Exchange, manhajar imel ta kamfanoni, a shekarar kuma ƙungiyar tsaron manhaja ta OWASP ta sa SSRF cikin manyan haɗura 10.

Ni dai a ganina laifin namu ne, masu rubuta manhaja. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sabar da aikinta ɗauko hoto, me ya kai ta adireshin cikin gida? A rubuta mata wuraren da aka yarda ta je, sauran duk a rufe. A duba lambar da sunan shafi ya fassaru zuwa gare ta kafin a tafi, kada kuma a bar ta ta bi duk inda wani shafi ya karkatar da ita. Masu amfani da sabar Amazon su tilasta IMDSv2, tsarin da ke ƙara tsare adireshin makullan nan, tun Nuwamba 2019 take nan, kyauta. Makullin da sabar ke riƙe da shi kuma kada ya buɗe duk ɗakunan gidan. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, kuma mai kamfani za ta tambaya, ba wanda ya sayar masa da manhajar ba.

Yaron da ya haɗa manhajar ya ce shi kenan, ya toshe 127.0.0.1. Na rubuta 2130706433, wato adireshin nan dai a wata siga. Shafin ya sake buɗewa. Alhaji ya kalle shi, ya ce a kawo mana shayi, zaman zai yi tsawo.