Kanji da darasin da na taho da shi daga makarantar allo

Shekarata uku ke nan a Japan, kuma duk ɗan uwan da ya iso sabo, tambayarsa ta farko ba ta wuce ta rubutun nan nasu: yaya mutum zai haddace kanji, wato haruffan da Japanawa suka aro daga Sin? Yana da gaskiyar tambaya. Jerin haruffan amfanin yau da kullum da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 ya ƙunshi 2,136, kuma da su ake buga jarida da takardar haya da wasiƙar ofishin gunduma. Yaronsu yana koyon 80 a aji ɗaya, ya gama firamare da 1,026. Kai kuwa ka zo da gemunka, ga aiki ga iyali, kana so ka cim masa cikin shekara guda.

Amsar da baƙi suka fi ba juna ita ce dabarar labari, wadda wani Ba'amurke, James Heisig, ya yaɗa da littafinsa na 1977. Ka farfasa harafi zuwa gaɓoɓinsa, ka ɗaure su da ɗan labari. 休 mutum ne jingine da bishiya, ma'anarsa hutu. 明 rana ce da wata, haske ke nan. 聞 kunne ne a bakin ƙofa, wato ji. Su kansu Japanawa suna da irin nasu: 親, harafin iyaye, sukan ce wanda ya hau bishiya ya tsaya yana hangen ɗansa ne. Ranar da aka faɗa mini wannan sai da na tuna Inna tsaye a bakin zaure da magariba, kuma daga ranar harafin bai sake ɓace mini ba.

Dabarar tana aiki, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallata ta, kamar ta zo ne ta 'yantar da mutane daga hadda, kamar maimaitawa aikin marasa wayo ne. Nan na rabu da su.

Na yi wata shida ina bin labarai zalla. Na san ma'anar haruffa da yawa, amma ran da aka miƙo mini fom a wani asibiti, na gane abin da ake tambaya, bakina ya kasa furta shi, hannuna ya kasa rubuta adireshina ba tare da leƙa waya ba. Dalili kuwa a fili yake. Labari yana ba ka ma'ana ɗaya, alhali yawancin kanji suna da karatu iri biyu ko fiye, wanda ya zo daga Sin da kuma na asalin Japananci. Ɗauki 生: a nan sei, can shō, a wata kalmar i, a wata u, a wata nama. Wane labari ne zai ɗauke wannan duka? Sannan mafi yawan haruffan ba zanen ma'ana ba ne, ɓangare ɗaya na nuna fannin ma'ana, ɗayan na nuna sauti. 晴 da 清 da 精 duk suna ɗauke da 青, duk kuma ana karanta su sei. Mai neman labari a kowane lungu yakan wuce wannan sauƙin bai gani ba.

Mu da muka zauna gaban malam da allo mun san wannan tun muna yara, sai dai ba mu ba shi suna ba. Da aka fara mana babbaƙu, ai da laƙabi aka koya mana su: ba guje, ta kuri, lam jaye, ambaki wofi. Harafin da bakinsa ke buɗe ba komai ciki, an ce masa baki wofi, yaro ya gan shi ya gane. Dabarar labari ke nan, da Hausa, tun kafin a haifi kakannin masu manhajojin yau. Amma babu malamin da ya taɓa cewa laƙabi zai kai ka sauka. Bayan babbaƙu sai farfaru, sai ka riƙe alƙalamin gamba ka tsoma a tawada ka rubuta da hannunka, ka biya, ka wanke, ka sake, da asuba a yi tilawa. Laƙabin yakan faɗi da kansa idan harafin ya zauna.

Abin da na tarar a nan bai yi nisa da haka ba. Ɗiyar maƙwabcina tana aji biyu. Littafinta gida-gida ne, kowane gida an raba shi huɗu da ɗigo-ɗigo, tana cika layi da harafi ɗaya tana ƙirga zanen a bayyane, ichi, ni, san, don kowane zane da inda yake farawa da wanda yake bi. Babba ma idan harafi ya shige masa, za ka ga ya ɗaga yatsa yana zana shi a tafin hannu har ya dawo. Hannun ne ya riƙe.

Shawarata ga ɗan uwa ita ce ya ɗauki labarin, amma ya ƙirƙira shi da Hausa, ya bar aron na Turanci da ke sa shi fassara sau biyu. Harshenmu ma yana da sa'a da Japananci wajen sauti. 生 idan an karanta shi nama, ɗanye yake nufi, sai ka ce ɗanyen nama. 山 dutse ne, yama, rana na faɗawa bayansa da yamma. 傘 lema ce, kasa, mutum huɗu sun fake ruwa na zuba ƙasa. Waɗannan babu Baturen da zai ba ka su.

Manhajar Anki da kowa ke yabo, sunanta ma da Japananci hadda yake nufi, kuma aikinta ta dawo maka da abin da ka koya kafin ya gushe, wato tilawa. Ina amfani da ita a jirgin ƙasa. Amma bayan sallar asuba ina da littafi mai gida-gida irin na yarinyar nan, haruffa biyar kullum, kowanne da kalmomi biyu da nake furtawa da ƙarfi ina rubutawa. Watan jiya na koma asibitin, na cika fom ɗin wayata tana aljihu.