Tanadi daban, ɓoye kaya daban

A gidan tarihi na Bamingam, garin da nake zaune a Ingila, akwai gwal da azurfar da wani mutum ya gano a gona kusa da garin Lichfield a 2009. Gwal ɗin da azurfar sun haura kilo 5, yawancinsu adon takubba ne da aka binne tun wajen ƙarni na 7. Sunan irin wannan dukiya a Turance shi ne hoard, daga tsohuwar kalmarsu hord, wato taskar da aka ɓoye. Asalinta ba zagi ba ce.

Yau kuwa ta zama abin gori. A watan Maris na 2020, da korona ta shigo, mutane suka wawashe taliya da takardar bayan gida, har manyan kantuna suka ce uku-uku kowa zai ɗauka. Jaridu suka yi ta kiran abin hoarding. Da wannan kalma kuma likitocinsu ke kiran larurar wanda ya cika gida da tarkace har ba masaka tsinke. Da mai tsoro, da marar lafiya, da mugun ɗan kasuwa, duk tukunya ɗaya.

A ganina mu Hausawa mun fi Turawa rarrabewa. Manomin da ya cika rumbu da dammunan gero da kaka yabo yake sha. Wanda rumbunsa ya ƙare a Agusta shi ake yi wa tsiya. Wanda ake tsine wa shi ne mai saye hatsi da araha ya garƙame a sito yana jiran talaka ya ji jiki, abin da malamai ke kira ihtikari. Ko da hukumar yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau a Fabrairun 2024, gardamar a nan take: hukuma ta ce ɓoyewa ce, 'yan kasuwa suka ce ajiya ce.

Baturen birni na yau bai san rumbu ba. Gidajen nan ba su da wajen ajiya, kantunan ma kullum sai mota ta kawo musu na gobe. Shi ya sa in Bahaushiya ta turo buhun shinkafa mai kilo 20 da jarkar mai zuwa wajen biya, sai ka ga ana bin ta da kallo, alhali cefanen wata ɗaya kawai ta yi.