Rakiyar amini ta fi tallan rediyo

Shawarar da wani labari ya kawo, wato wanda ya yi gwajin ƙanjamau ya jawo abokansa su ma su yi, ta kwanta min. Tsoron tsangwama ne ke hana mutane zuwa. Amma idan amininka ya ce, "Ni ma na yi, taso in raka ka," sai gaba ta daina faɗuwa. Ai tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan wannan hanya.

Sai dai fa mai rakiya ya kama bakinsa, sakamakon ba nasa ba ne. Kuma a faɗa wa mutum cewa gwajin gaggawa ba ya gano sabon kamu nan take, sai ya maimaita bayan wata 3.