Neecha Nagar, fim ɗin da talakawan Indiya ba su gani ba

Sai da na shekara uku ina karatu a birnin Pune na Indiya kafin na ji sunan Neecha Nagar. Ni da na tashi a Kano, inda ko yaro ya san Amitabh da Dharmendra, na ɗauka babu abin da Indiya za ta nuna min sabo. Ashe akwai Indiyar da ba a taɓa kawo mana ba.

Chetan Anand ne ya ba da umarninsa a 1946, ma'anar sunan kuwa unguwar ƙasa. Wani attajiri, Sarkar, yana zaune a kan tudu, sai ya juya ruwan kwata ya bi ta unguwar talakawan da ke gangare, don su tashi ya samu filin. Cuta ta ɓarke, mutane suka yi ta mutuwa. Ina kallo da dare a ɗakina, hoton baƙi da fari yana rawa, wallahi sai na ji warin kwatar Jakara ta Kano da damina a hancina.

Fim ɗin yana cikin waɗanda suka ci babbar kyauta a bikin Cannes na farko a Faransa, kuma da shi ne Ravi Shankar, shahararren makaɗin Indiya, ya fara yi wa fim kiɗa. Duk da haka bai samu shiga gidajen sinimar Indiya ba.

Yau masu tara kayan tarihi ne ke nemansa. A kasuwar Chor Bazaar ta Mumbai na ga yadda ake ciro tsofaffin fastoci daga leda da yatsu biyu, kamar za a ɗauki jariri, mai saye ya biya ko tayi babu. Abin yana sosa min rai: labarin mutanen da aka shayar da ƙazanta ya zama adon falon masu hali. Fim irin wannan a unguwa ya kamata a haska shi, a fili, kowa ya gani.

Amma ba zan zagi masu tarawar ba, don ko ba komai sun adana, kuma nan Pune gwamnati na da gidan ajiyar finafinai tun 1964. Mu fa? Kaset ɗin fim ɗin Hausa Turmin Danya na 1990 da ke gidanmu, ƙannena ne suka zare zarensa suka yi wasa da shi a tsakar gida, ina tsaye ina kallo ban hana su ba.