Ping ya amsa, amma BGP ya ƙi ƙulla maƙwabtaka

Masu sabon hannu a saita suwic mai aikin rauta sukan ɗauka cewa muddin ping ya kai ga na'urar can ɓangaren, to BGP, ƙa'idar da rautoci ke musayar bayanan hanyoyi da ita, zai ƙulla maƙwabtaka (wato zaman musayar tsakanin na'urori biyu) da kansa. Ba haka abin yake ba. Ping ɗan saƙon gwaji ne na ƙa'idar ICMP, iyakarsa ya nuna hanya a buɗe take. BGP kuwa sai ya buɗe haɗin TCP, wata ƙa'idar sadarwa daban, a ƙofa (port) mai lamba 179, kuma dokar tace zirga-zirga tana iya barin ping ya wuce ta toshe wannan ƙofar.

Sannan BGP ba ya laluben maƙwabci kamar yadda OSPF, wata ƙa'idar musayar hanyoyin, ke yi. Dole kowane ɓangare ya rubuta adireshin ɗan'uwansa da lambar AS ɗinsa daidai, wato lambar shaidar rukunin cibiyar sadarwar da yake ciki.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne adireshin loopback, wato adireshin cikin na'ura wanda ba na wata ƙofar kebul ba ne. An gaya wa maƙwabci ya saurari adireshin loopback ɗinka, misali 10.0.0.1, suwic ɗinka kuma ya fita da adireshin ƙofar da kebul ke ciki. Maƙwabcin bai san wannan baƙon ba, sai ya ƙi shi. A na'urorin Cisco, umarnin update-source ke gyara wannan. Idan kuma AS ɗinku daban-daban ne, akwai wani tarkon: saƙon eBGP (BGP tsakanin AS daban-daban) da TTL 1 yake fita, wato zango ɗaya kawai aka ba shi, don haka galibi sai an ƙara umarnin ebgp-multihop.

Kada kalmar Active a sakamakon umarnin show ip bgp summary ta ruɗe ka, har yanzu ƙoƙarin haɗuwa ake yi. Idan an ƙulla, adadin hanyoyin da aka karɓa za ka gani a wurin.