Tsakanin akwala da motar da ke cin amana

Jama'a, ina da ƙorafi a kan jerin nan da ake yawan fitarwa na motocin da wai suka fi kowaɗanne muni a tarihi. Duk wanda ka duba, sunayen nan ne dai: Trabant ta Jamus ta Gabas, Yugo ta Yugoslabiya, sai a cika da wasu biyu ko uku da ƙirarsu ba ta yi wa ido daɗi ba. A sa hotuna, a sha dariya, a watse. A ganina an yi gamin gambiza. Motar da talauci ya haifa daban take, mummuna daban, wadda ke cin amanar mai ita kuma daban. Ta ƙarshen nan ce ta cancanci a kira ta mafi muni, kuma ita ce aka fi yi wa sassauci.

Maganar munin ƙira ba zan ɓata lokaci a kai ba. Fiat Multipla ta 1998, mai goshi hawa biyu, an zage ta har an gaji, amma tana ɗaukar mutum shida, uku gaba uku baya, kowa da kujerarsa, kuma direba na ganin hanya tar ta kowane ɓangare. Wanda ke cikin mota ai ba ya ganin fuskarta. Wannan matsalar maƙwabci ce.

Mu zo kan Trabant, don ita ce uwar abin dariya. An ƙera ta a garin Zwickau daga 1957 har 1991, sama da miliyan 3. Samfurin da aka fi sani, 601, ya fito a 1964, kuma ya yi shekara fiye da 25 ba a canza masa abin kirki ba. Injinta silinda biyu ne, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ƙarfin doki 26, da ƙyar take kai kilomita 100 a awa. Jikinta ba ƙarfe ba ne, wani haɗi ne na ragowar auduga da ƙaron roba da ake kira Duroplast, saboda ƙasar ba ta da isasshen farantin ƙarfe.

Ka kalli yadda mai ita yake shan mai. Zai tsaya, ya fito, ya ɗaga bonet, don tankin yana nan gaba, bisa injin. Ya zuba fetur tare da baƙin mai daidai gwargwado. In yana son sanin sauran man da ke ciki, babu allurar da za ta nuna masa, sai ya tsoma wani ɗan sanda mai zane-zane ya ciro ya duba. Babu famfon mai, man da kansa yake gangarowa zuwa kafireto tunda tankin ya fi shi tudu. Babu lagireto, iska ce ke sanyaya injin. In ta tashi, shuɗin hayaƙi ya bi bayanta, ƙara kuwa ba a magana. Kuma da duk wannan, mutum kan yi rajista ya jira shekara 10 ko fiye kafin layi ya zo kansa, har ta kai ta hannu ta fi sabuwa tsada, don ita ba sai ka jira ba.

To, a wace gaɓa ce wannan mota ta yaudari wani? Duk aibinta a fili yake tun ranar farko. Wanda ya saye ta ya san ba ta gudu, ya san tana hayaƙi, ya san idan aka yi karo babu abin da zai kare shi. Abin da babu shi kuma ba ya lalacewa: ba famfon da zai mutu, ba tiyon ruwa da zai fashe a hanya. Mai ita da sifana biyu da fulogi a aljihu yana iya tayar da ita a gefen titi. Shi ya sa iyalai suka riƙe ta shekaru masu yawa, kuma ita ce ta kwashi jama'a a jere zuwa Jamus ta Yamma a Nuwamban 1989 da aka buɗe katangar Balin. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ban ce mota ce mai kyau ba. Akwala ce, amma akwala mai gaskiya.

Yugo kuwa shari'arta ta fi wuya. Kamfanin Zastava ne ya ƙera ta a Kragujevac bisa tsohuwar fasahar Fiat, sai wani ɗan kasuwa, Malcolm Bricklin, ya shigo da ita Amurka a 1985 a kan dala 3,990, sabuwar mota mafi araha a ƙasar a lokacin. Mutane suka yi rububi. Ba a jima ba aka fara kuka: maɓallai na karyewa a hannu, wayarin na ba da matsala, giya sai an yi kokawa da ita. Mujallar Consumer Reports ta shawarci mutane cewa gara su sayi ta hannu mai lafiya da wannan kuɗin. Har aka ƙirƙiro mata barkwanci, wai an sa mata abin ɗumama gilashin baya ne don hannun masu tura ta kada ya yi sanyi. Zuwa 1992 an daina sayar da ita a can.

Ta ci zagin da aka yi mata, amma ba duka ba. Injinta yana da bel ɗin taimin da dole a canza a kan kari, wajen mil 40,000. In aka bar shi ya tsinke, fistin da bawul su yi karo, injin ya tashi aiki. Wanda ya sayi mota don ita ce mafi araha, sau da yawa shi ne kuma wanda ba zai kai ta sabis a kan lokaci ba. A ƙasarta, inda kowane bakanike ya san cikinta kuma kayan gyara na ko'ina, an ci gaba da ƙera ta har 2008. Mota ɗaya, a wata ƙasa abin tsokana, a wata kuma abin rufin asiri.

Ni da kaina motar da ta fi ba ni wahala ba tsohuwa ba ce, kuma ba mummuna ba. Kyan ɗan maciji gare ta. Fenti na sheƙi, kujeru lafiya lau, na'urar sanyaya ciki na aiki. Ciwonta ɗaya: in ta yi zafi, sai ta ga dama ta mutu, kuma ba ta zaɓen wuri sai tsakiyar mahaɗar hanya, lokacin da danja ta ba ka hannu, na baya sun danna ham. Ka murɗa makulli, fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya, injin ya yi shiru. Ka jira, gumi na karyo maka, sai can ta tashi kamar ba ita ba. Ka kai ta gareji, bakanike ya jona kwamfutarsa, ya zaga da ita, ya dawo ya miƙo maka makulli ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau." Irin yaron nan da ya kwana yana zazzaɓi, ana isa gaban likita ya sauka yana wasa. Aka canza fulogi, aka canza famfon mai, aka kira mai wayarin ya bi waya ɗaya bayan ɗaya. Kowane gyara sai ya ba ka 'yan kwanaki na kwanciyar hankali, sannan ta maimaita.

Abin da irin wannan mota ke cinye maka ya wuce kuɗi. Ba ka iya yi wa kowa alkawarin lokaci. Kana tuƙi kunnenka na kan injin maimakon hankalinka ya kasance a kan hanya. Ba ka yarda ka sha gaban babbar mota, don ba ka san ko za ta mutu kana tsakiyar wucewa ba. Mai akwala ya san iyakar motarsa, ya tsara tafiyarsa a kai. Kai kuwa ba ka san komai ba.

Wannan ma da sauƙi, tunda babu wanda ya san inda ciwon yake. Wadda ta fi ita ce motar da masu ƙera ta suka san ciwon, suka yi gum.

Da an taɓo wannan magana sai a ce Ford Pinto, wadda tankin manta ke bayan gatarin ƙafafun baya, in aka buge ta ta baya ya fashe ya kama wuta. Gaskiya ne, har aka janye motoci miliyan 1.5 a 1978 don gyara. Sai dai masu nazari da suka koma kan alƙaluman daga baya sun nuna cewa, in aka haɗa dukkan haɗurra, yawan mutuwa a Pinto bai wuce na sauran ƙananan motocin zamaninta ba. Ta zama dodo ne saboda wuta na da ban tsoro kuma shari'arta ta yi amo. Akwai na kusa-kusa da suka fi ta cancantar a tuna.

Ɗauki giyar nan ta otomatik da Ford ya kira PowerShift, wadda ya sa a Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012. Kuloci biyu gare ta, busassu, kwamfuta ke sarrafa su. Masu motocin suka yi ta kukan cewa tana karkarwa in za ta tashi, tana jinkiri in an taka totur, wani lokaci ta zabura, wani lokaci ta saki giya kana cikin tafiya. A Ostareliya, amsar da aka riƙa ba mutane ita ce wai salon tuƙinsu ne ya jawo. Ka ji fa. Ka sayi mota sabuwa dal, ta riƙa rawa a ƙarƙashinka, a ce maka kai ne ba ka iya taka totur ba. A 2018 kotun tarayyar ƙasar ta ci kamfanin tarar dalar Ostareliya miliyan 10 kan yadda ya bi da waɗannan koke-koke. Wannan rainin hankalin ya fi mini ciwo a kan hayaƙin Trabant sau ɗari.

Amma in za a tilasta mini in ambaci guda ɗaya, Chevrolet Cobalt zan ce, ta kamfanin General Motors (GM) na Amurka, wadda ta fito a 2004. A ido babu abin da za ka ce da ita. Ƙaramar mota ce irin wadda uba ke saya wa 'yarsa da ta fara aiki, don yana ganin sabuwa ce, ba za ta ba ta matsala ba. Ciwon yana cikin makunni, wato wurin sa makulli. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe da sifirin da ke riƙe makulli a inda aka murɗa shi, sai aka yi shi bai kai tsawon da ya kamata ba, bambancin bai kai milimita 2 ba. Saboda haka in makullin na da kayan nauyi a rataye, ko gwiwar direba ta taɓa shi, ko motar ta faɗa rami, sai ya juya da kansa, injin ya mutu ana cikin gudu. Nan take sitiyari ya yi nauyi, birki ya fara tauri. Mafi muni, jakar iskar da ke kare mutum a haɗari ba za ta buɗe ba, tunda a wurin motar an riga an kashe ta. Wato abin da ya jefa ka cikin haɗarin shi ne kuma ya cire maka kariya.

Kamfanin ya samu koke tun motar na sabuwa. A 2005 ya aika wa dillalansa takarda cewa a shawarci masu motar su rage tarkacen da suke rataya wa makulli. Ba a janye mota ko ɗaya ba. A 2006 wani injiniyan kamfanin ya amince a gyara wannan ɗan ƙarfe, aka ƙara masa tsawo, amma ba a canza lambar kayan ba. Duk wanda ya taɓa sayen kayan gyara ya san ma'anar wannan: lamba ita ce shaidar abu, in ta zama ɗaya, kowa zai ɗauka abu ɗaya ne. Shi ya sa masu bincike suka yi shekaru suna mamakin me ya sa tsofaffin ke kisa sababbin ba sa yi. Asirin bai tonu ba sai da lauyan iyayen wata matashiya da ta rasu a irin wannan haɗari ya ɗauko injiniya mai zaman kansa. Shi ne ya bi wuraren da ake jibge matattun motoci yana ciro makunnai, ya sayo sabo, ya warware su ya jera, ya auna, ya ga lamba ɗaya ce amma tsawo ya bambanta.

Sai a 2014, shekara 10 bayan fitowar motar, aka janye motoci kusan miliyan 2.6, Cobalt da 'yan uwanta masu irin wannan makunni. Shugabar kamfanin, Mary Barra, wadda ba ta daɗe da hawa kujerar ba, ta je gaban majalisar dokokin Amurka ta amsa tambayoyi. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa da kansa ya amince da mutuwar mutum 124. An sallami ma'aikata 15, kuma a 2015 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900 aka jingine tuhumar, ba a gurfanar da mutum ko ɗaya ba. Gyaran da aka ƙi yi tun farko, a kan kowace mota, kuɗinsa bai kai dala 1 ba.